Ina cewa Alhamdulillahi, amma tun da na haihu na tsani jikina

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Gusau, shekaruna 28, ɗiyana ukku, ƙaramin watanshi takwas. Tun da na yi arba'in ban ƙara jin daɗin duba madubi ba. Na rame har ƙashin wuyana ya fito, amma cikin bai koma ba, ya saki, ga nankarwa har cinya. Fuskata ta yi duhu, gashin gaban goshina ya zube. Ranar wani suna facalata ta ce a gaban mata wai na koma kamar yayar maigidana. Aka yi dariya, ni ma na yi, da na koma gida na sha kuka. Wata biyu ke nan ina shafa wani mai na haɗi da na saya wurin wata mata, kuma ƙawata ta kawo mini ƙwayar sha-ka-fashe, ban dai fara sha ba. Da na kai wa Inna kukana sai ta ce in ji tsoron Allah in gode mashi, wasu shekara goma suna neman haihuwa. Gaskiya ta faɗa, kuma kullum ina cewa Alhamdulillahi, amma zuciyata ba ta sanyi. Shin butulci nika yi wa Allah? Mi ya kamata in yi?

Wata uwa, Gusau

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya yaran, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Ba butulci kike yi ba. Butulu shi ne wanda aka yi wa alheri ya musanta. Ke kuwa kin san ni'imar, har kin ambace ta da bakinki. Abin da ke cin ki daban ne: jikin da kika saba da shi shekara da shekaru ya sauya, sannan aka yi miki dariya a kansa a bainar jama'a. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah yake kai kukansa, kuma babu malamin da ya kira wannan butulci. Inna ta faɗi gaskiya, sai dai idan "ki gode wa Allah" ta zo da sigar tsawa, kunya take haifarwa, mutum ya ja bakinsa ya yi shiru, ciwon kuma yana nan inda yake.

Malamai sun kasa godiya gida uku: ta zuciya, ta harshe, da ta gaɓoɓi. Ta harshe kina yi. Sauran biyun ne suka rage, kuma su koyonsu ake yi da aiki.

Ki lura da abin da idonki yake yi idan kin tsaya gaban madubi. Aikin mai tsintar shinkafa yake yi: faranti cike da shinkafa, amma tsakuwa kaɗai yake nema. Ya sauka kan ciki, ya gangara kan nankarwa, ya hau goshi, ya gama. Daga nan zuciya ta ɗauko wata mace ta ajiye kusa da ke, ko facalarki, ko wata amarya da kika gani a waya, ko ke kanki ranar kamunki, ta fara awo. Wannan awon shi ne tushen damuwar. Masu nazarin halayyar ɗan'adam irin su Kristin Homan da Tracy Tylka a Amurka sun gano cewa matan da godiya ta zame musu ɗabi'a sun fi mutunta jikinsu, kuma hanyar da abin yake bi ita ce ba su cika auna kansu da wasu ba, ba su kuma rataya darajarsu a kan abin da mutane za su ce game da surarsu. Mafi yawan irin wannan bincike a ƙasashen Turawa aka yi shi, inda rama ake yayi. A nan cikar jiki da hasken fata ake yayi. Abin da ake so ne ya bambanta, amma awon ɗaya ne.

An gwada ko ana iya koyon abin. A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough sun raba ɗalibai rukuni uku na tsawon mako goma. Rukunin farko kowane mako su rubuta abu biyar da suke godiya a kai, na biyu su rubuta abu biyar da suka ɓata musu rai, na uku su rubuta abin da ya faru kawai. Masu rubuta godiya sun fi jin daɗin rayuwarsu, sun rage kukan ciwon kai da na jiki, sun kuma fi motsa jiki. A 2010 a Ingila, Adam Geraghty da abokan aikinsa sun gwada shi a kan masu ƙin surar jikinsu kai tsaye. Mako biyu na rubutun godiya ya rage ƙiyayyar daidai da wata sananniyar hanya ta kamo mugun tunani a gyara shi, kuma masu rubutun godiya sun ninka sauran wajen jurewa har ƙarshe. Wanda ya fi dacewa da matsalarki shi ne na Jessica Alleva a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan a 2015: matan da ba su son jikinsu suka yi zama uku suna rubuta abin da jikin yake iya yi musu da dalilin da ya sa hakan yake da muhimmanci, ba tare da taɓa zancen kyau ko muni ba. Gamsuwarsu da jikin ta ƙaru. A kan wannan muka gina abin da za mu ba ki.

Ki nemi littafin rubutu irin na 'yan firamare da biro. Boko ko ajami duk ɗaya ne, in kuma rubutu na ba ki wahala ki naɗi muryarki a waya. Ki zaɓi dare ɗaya a mako, a ce daren Juma'a bayan isha'i idan yara sun yi barci, ki ware minti 15. Idan kin ji kina so ki ƙara dare ɗaya, amma kada ki mayar da shi kullum. Wata mai nazarin halayyar ɗan'adam, Sonja Lyubomirsky, ta kwatanta masu rubutun godiya sau ɗaya a mako da masu yi sau uku, na sau ɗaya ne suka amfana, don abin da ake yi a kai a kai yakan koma kamar karatun hadda, baki na faɗa zuciya na wani wuri.

Kafin ki fara, a shafin farko ki ba kanki maki daga 0 zuwa 10 a kan yadda kike jin zaman lafiya da jikinki, ki sa kwanan wata. Sannan kowane zama ki rubuta abu uku, kowanne da ƙafa uku: wace gaɓa ce, me ta yi miki a wannan makon, kuma me ya sa abin ya dame ki. "Na gode Allah da lafiya" gaskiya ce, amma ta yi faɗi, zuciya ba ta samun wurin kamawa. Ki kwatanta da wannan: "Bayana ya goya yaro daga gida har wurin rigakafi ranar Talata, ya tsaya da shi a layi, na dawo na tuƙa tuwon dare. Ba don shi ba da sai na jira wani ya kai mini shi." Ko kuma: "Kunnena ya ji numfashin yaron ya canza cikin dare tun kafin zazzaɓin ya hau, na tashi na ba shi magani." Irin wannan muke nufi, da rana da wuri da abin da ya faru.

Ki riƙa sauya fage don kada ki maƙale wuri ɗaya. Wani mako ji da gani da ɗanɗano, wanda da shi kike gane gishirin miya ya ji. Wani mako aikin hannu, ko ɗinki ne ko kitso ko murza fura. Wani mako ibada: gwiwar da take durƙusawa ta tashi sau da yawa a yini ba tare da kin dafa bango ba. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim cewa an halicci ɗan'adam a kan gaɓoɓi 360, kowace da sadakar da take kanta. Wani mako kuma aikin da jikin yake yi ba da saninki ba: zuciya na bugawa kusan sau dubu ɗari a yini, kuma a watanni shida na farko mai shayarwa na samar da nono kusan kashi uku cikin huɗu na lita kowace rana.

Cikin nan da kika fi tsana ki bar shi sai mako na huɗu ko na biyar, kada ki fara da shi. Idan kin zo kansa, ki rubuta tarihinsa yadda yake. Mahaifar da girmanta kamar dunƙulen hannu ne ta buɗe har ta ɗauki yaro da mabiyiya da ruwa, nauyinta ita kaɗai ya kai kusan kilo ɗaya, sannan ta tsuke ta koma cikin mako shida. Jinin jikinki ya ƙaru da kusan rabi don ya ciyar da mutum biyu. Fata ta miƙe fiye da yadda zarenta zai iya ɗauka, inda ya tsage nan ne nankarwa. Sau uku aka yi haka. Ba mu ce ki ce yana da kyau ba in ba ki ga kyawunsa ba. Ki dai rubuta abin da ya yi.

Ga inda abin yake lalacewa. Na farko kalmar "amma". Da kin rubuta "ƙafafuna sun kai ni kasuwa, amma sun bushe kamar sanda", kin koma tsintar tsakuwa, sai ki soke rabin na biyu. Na biyu, jiran sai kin ji wani daɗi ya lulluɓe ki. Makonnin farko sau da yawa ba a jin komai, wasu ma haushi suke ji. Ki ci gaba, hankali ake horarwa, jin daɗin daga baya yake biyowa. Na uku shi ne wanda ya fi kama mata masu tsoron Allah: godiya ta rikiɗe ta koma tuhumar kai. Hadisin da ya ce a dubi na ƙasa kada a dubi na sama ya faɗi dalilinsa, wato don kada a raina ni'imar Allah. Idan tuna mai neman haihuwa ko matar da ta baro ƙauyensu da goyo saboda rashin tsaro yana sa ki ji ke muguwa ce da kike kuka, to ki bar kwatancen gaba ɗaya, ki tsaya a kan naki jikin. Kuma kada ki ɗauko littafin a tsakiyar kuka. Ki bari sai kin huce.

Bayan mako shida ki sake ba kanki maki, ki karanta daga farko. Wadda ta tashi daga 2 ta kai 4 ko 5 ta ci riba. Abin da ake nema a wannan matakin shi ne ki iya shiga taron suna ki zauna ki ci abinci ba tare da kina jan mayafi kina lissafin idon da ke kanki ba.

Madubi kuma ki yanka masa lokaci: na shiri kaɗai, minti biyu ko uku, ki tsaya ɗan nesa yadda za ki ga mutum sukutum. A daina matse fatar ciki da yatsa ana aunawa, wannan ɗabi'ar ƙara wutar take yi. A waya, duk shafin da kika lura kina fita daga cikinsa da ƙuncin rai, musamman na masu tallar mai da kayan gyaran jiki a TikTok da Instagram da sitatus na WhatsApp, ki toshe shi na wata guda. Da yawa daga fuskokin nan manhaja ce ta goge su, mai tallar kuma da damuwarki take cin abinci.

Saura godiyar gaɓoɓi, kuma a nan za mu ɗan ɗaga murya. Annabi (SAW) ya ce jikinka yana da haƙƙi a kanka. Man haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba yawanci ba ya rasa ɗaya daga abu uku: sitiroyid mai ƙarfi (maganin kumburi da ƙaiƙayin fata), wanda a kwali ake rubuta shi clobetasol ko betamethasone, ko hydroquinone, ko sinadarin makuri. Sitiroyid yana sirantar da fata, jijiyoyi su fito kore-kore, rauni ya ƙi warkewa da wuri, kuma shi da kansa yana haifar da nankarwa masu faɗi, wato yana ƙara abin da kike gudu. Hydroquinone idan an daɗe ana shafawa yakan bar baƙin tabo a kumatu mai wuyar fita. Makuri yana lalata ƙoda da jijiyoyi, yana shiga nono, yana kuma gogewa a jikin yaron da kike rungume da shi. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Daga yau kada man ya taɓa ƙirjinki da hannuwanki. Sauran jiki kuma, tunda kin yi wata biyu, ki bari likita ya tsara miki yadda za ki janye, don yanke sitiroyid farat ɗaya yakan sa fata ta yi ja, ta yi raɗaɗi da ƙaiƙayi, ta ƙara duhu, abin da ke mayar da mata da yawa ruwa ke nan. Man kaɗe ko basilin ya ishe ki, musamman da hunturu.

Ƙwayar kuwa ki mayar wa mai ita. Abin da ake sayarwa da sunan sha-ka-fashe galibi dexamethasone ne ko cyproheptadine, ko a haɗa su. Na farkon yana tara ruwa da kitse a fuska da ƙeya da ciki, hannu da ƙafa kuma su ƙara sirancewa, ga hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi da gyambon ciki. Mai kukan tumbi ba ta da abin da za ta samu a wurinsa sai ƙarin tumbi. Na biyun yana sa barci, yana kuma iya rage ruwan nono.

Ramarki tana da dalili, shi za a nema. Mai shayarwa na bukatar ƙarin abinci kwatankwacin ƙaramin ci guda a kan na kullum, iyaye mata da yawa kuwa sai kowa ya ƙoshi suke kankare tukunya. Ki ƙara kunun gyaɗa da ƙosai da hantsi, ko fura da nono da rana, ko hoce da ƙuli-ƙuli, ki yawaita wake da kwaɗon zogale, da ƙwai ko hanta idan hali ya yi. Shayi ki raba shi da abinci da kamar awa ɗaya, don yana hana jiki tsotse sinadarin da ke gina jini. Lemo da gwaba kuwa taimaka masa suke yi.

Cikin da ya saki ki duba shi da kanki. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwa, ki sa yatsu a saman cibiya, ki ɗaga kai kaɗan. Idan yatsu fiye da biyu sun nutse tsakanin naman dama da na hagu, naman cikin ne ya rabu, kuma abu ne da ya zama ruwan dare bayan haihuwa uku. A wannan kwanciyar ki fitar da numfashi a hankali kina jan cibiya ciki, ki riƙe daƙiƙa biyar zuwa goma, sau goma, safe da yamma. In za ki tashi daga shimfiɗa ki juya gefe tukuna ki dafa hannu. Ɗaure ciki da zane yana tallafawa amma ba ya haɗe naman. Gashin goshi yakan fi zuba wajen wata na huɗu, yawanci ya dawo kafin yaro ya shekara, in dai ba a ja shi da matsattsen kitso ba. Nankarwa tana dusashewa, ba ta ɓacewa, kuma babu man da ke goge ta, kowa ya ce miki akwai kuɗinki yake so. Hutu tsakanin haihuwa ma yana cikin haƙƙin jikin: Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a samu aƙalla wata 24 kafin wani cikin.

Facalarki ba ta bukatar doguwar magana. Idan ta sake, ki dube ta ba tare da dariya ba ki ce, "Yaya, ba na son irin wannan wasan." Dariyar da kika taya su ita ce ta ba ta lasisi. Suratul Hujurat ta hana mata yi wa mata izgili ƙarara, don haka ba rashin kunya kika yi ba. Inna kuma ki ce mata, "Inna, na gode wa Allah, amma jikin nan ba ya mini daɗi, ki raka ni asibiti." Uwa ta fi gane wannan harshen.

Mun lura duk tsawon wasiƙarki ba ki ce maigida ya faɗi komai ba. Kada ki ɗora masa maganar da facala ta yi. Ki gaya masa abin da ya faru da abin da kike bukata a fili: kuɗin gwaji, ƙarin cefane saboda shayarwa, da wanda zai riƙe yara awa ɗaya da rana ki runtsa.

Rubutun godiya yana da iyaka. Wani nazari daga Jami'ar Jihar Ohio da ya tattara bincike 27 ya nuna tasirinsa a kan ciwon damuwa da fargaba kaɗan ne, ba ya maye gurbin magani. A ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na kamuwa da ciwon damuwa bayan haihuwa. Idan kin kai mako biyu kusan kullum cikin ƙunci, abin da kike so da ya fita ranki, barci ya ƙi zuwa ko da yaro ya yi barci, ko kina jin ba ki da amfani, to wannan ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba. In tunanin cutar da kanki ko yaron ya taɓa zo miki, ko kina haki da kumburin ƙafa, a ranar za ki je asibiti, ba sai gobe ba.

Ko babu ɗaya daga waɗannan, ki je cikin makon nan, asibitin tarayya na FMC ko na Yariman Bakura ko na mata da yara na Sarki Fahad, duk wanda ya fi miki kusa. Ki tafi da robar man da katin awonki. Ki nemi a auna nauyinki da hawan jini, a gwada yawan jini da suga, ki kuma faɗa wa likita idan kina yawan zufa, ko bugun zuciya, ko rawar hannu, ko tarin da ya wuce mako biyu, don rama bayan haihuwa wani lokaci daga maƙoƙo ko tarin fuka take. Maganar man kuma ki faɗe ta yadda take, wata nawa da kuma sassan da kike shafawa, don da wannan za a lissafa yadda za a janye miki shi.